Kwamfutar haya: littafin bashi a Turai, mai shi a rumfarsa

Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san dukiyar ɗan kasuwa kashi biyu ce. Akwai wadda ke jibge cikin mangaza, ido na ganin ta, hannu na taɓa ta. Akwai kuma wadda ke hannun mutane, wato bashin da aka bayar, kuma wannan ba ta da wata shaida sai littafi. Dattawan Yamai ba su manta da gobarar da ta cinye Babbar Kasuwa a shekarar 1982 ba, matasa kuma sun ga ta Ƙaramar Kasuwa a 2012. In kaya suka ƙone, mai amana yakan samu uban gidan da zai sake ɗora masa wasu, ya biya sannu a hankali. Amma in littafi ya ƙone, to sai wanda ya ji tsoron Allah ne zai zo da ƙafarsa ya ce ana bin sa.

Yau da yawa daga cikin Alhazai da Hajiyoyinmu sun mayar da wannan littafi cikin kwamfuta, wadda muka fi sani da ordinatar. Wani Excel yake aiki da shi, wani kuma kwantabil ɗinsa ya sa masa Sage. An samu sauƙin lissafi ƙwarai, sai dai kwamfutar ma kaya ce kamar sauran kaya. Ɓarawo na ɗaukar ta, ƙurar hunturu na shaƙe ta, zafin watan Afrilu na gasa ta, ga kuma zancen kuran. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa ƙasarmu saboda takunkumin CEDEAO, aka yi watanni ana karɓa-karɓa. Ban da wannan, kwamfutar tana kanti a Maraɗi, mai ita kuwa yana Kwatano ko Dubai wajen sayayya, in yana son sanin katon nawa suka rage sai ya buga waya, ya dogara da abin da yaro ya faɗa masa.

Shi ya sa a ƴan shekarun nan ake yawan jin yaran da suka yi karatu suna ba iyayensu shawarar “a kama VPS”. Masu saurare sun sha yi mana tambaya a kai a gidan rediyo, kuma mun lura cewa wasu sun biya kuɗin ma ba tare da sun san abin da suka kama ba. To ga bayanin, gwargwadon yadda mai sayar da atamfa ko buhunan shinkafa zai iya aiki da shi.

Ɗaki ɗaya cikin babbar mangaza

Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su gina manyan gidaje su cika su da kwamfutoci masu ƙarfi, ga sanyi dare da rana, ga injinan ba da wuta na ko-ta-kwana, ga masu gadi, ga intanet mai gudu. OVH na Faransa, wanda aka kafa a 1999 kuma cibiyarsa ke Rube, yana cikinsu. Haka Hetzner da Contabo na Jamus, da DigitalOcean da Amazon na Amurka. Kowace na'ura guda a irin wannan gida ta fi ƙarfin bukatar mutum ɗaya nesa ba kusa ba, don haka sai a sa wata manhaja ta rarraba ta, kamar yadda mai babbar mangaza zai ja bango ya fitar da ɗakuna goma, kowane ɗaki da ƙofarsa da kwaɗonsa, ya ba mutum goma haya. Wannan ɗaki shi ne abin da haruffan nan uku suke nufi. Mu dai a nan za mu kira shi kwamfutar haya. Tana da nata kason ƙwaƙwalwar aiki, da nata rumbun ajiya, da nata adireshi a intanet, kuma maƙwabcin da ke ɗakin gefe ba ya ganin abin da ke cikinta.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM ya fitar da irinta ga manyan na'urorinsa tun 1972. Abin da ya sauya shi ne farashi, musamman tun 2006 da Amazon ya fara ba da hayar irin waɗannan kwamfutoci bisa lissafin awa.

Sai dai ita kwamfutar haya ba ta da allon kallo, ba ta da allon haruffan da za ka taɓa, ba ta da ɗan linzamin nan da ake ja a kan tebur. Yawancinsu ma yadda ake miƙa su, baƙin fili ne kawai da ake rubuta umarni a ciki, abin da sai gwanaye. Abin da ɗan kasuwa ke bukata shi ne fuskar da ya saba gani, mai ƴan hotuna da ake latsawa fayil ya buɗe. Akwai hanyar jawo wannan fuska daga can ta bayyana a kan wayarka ko tsohuwar kwamfutar kantinka. Kai ka latsa a Damagaram, latsawar ta bi intanet ta isa can, na'urar can ta yi aikin, sannan ta aiko maka da hoton abin da ya sauya. Wato na'urar hannunka taga ce kawai da kake leƙawa. Littafin yana can, bai taɓa sauka cikin wayar ba.

In mai karatu ya kama wannan, ya kama amfanin abin gaba ɗaya. An sace waya a tasha, littafi na nan, sai a nemi wata wayar a shiga. Kuran ya ɗauke ana tsakiyar rubuta faktir, na'urar can ba ta mutu ba, in aka dawo za a tarar da rubutun daidai inda aka tsaya. Hajiya na Makka ko Kano, kwantabil na Yamai, yaron kanti na Tawa, duk littafi ɗaya suke buɗewa, babu zancen “nawa lissafin ya bambanta da naka”.

Hanyoyin jawo fuskar guda biyu ne suka fi shahara. Ta farko RDP, ta kamfanin Microsoft ce, ta fito a 1998, kuma tana cikin kowace Windows. Ta biyu VNC, wasu masu bincike ne suka ƙirƙiro ta a garin Kambirij na Ingila a ƙarshen shekarun 1990. A ganinmu, ga mai irin rezon da muke da shi, ta farkon ta fi, don ta fi iya tattalin abin da take aikowa, ta fi haƙuri da layi mai rauni.

Lissafi kafin ciniki

Tambayar farko ba ta farashi ba ce. A fara tambayar wace manhaja ake riƙe littafin da ita, domin ita za ta nuna irin kwamfutar da za a kama. In Sage 100 ne ko wata manhajar lissafin kaya da aka yi wa Windows, to dole a kama mai Windows Server. In kuwa jadawali ne kawai na shiga da fita, da sunayen masu bashi, to mai Linux ta wadatar, irin su Ubuntu ko Debian, a sa mata LibreOffice, wanda kyauta ne kuma yana buɗe fayilolin Excel. Bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne, saboda Linux ba a biyan lasisinsa, Windows kuwa kamfanin haya zai ɗora kuɗin lasisi a kan na wata, kuma Excel ma yana da nasa lasisin dabam.

Kamfanonin Turai da Yuro suke ciniki, kuma a nan muna da sauƙi ɗaya: Yuro 1 Sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka. Ƙaramar kwamfutar haya mai Linux da aka sa wa Yuro 5 a wata ta kama Sefa 3,280 ke nan, a shekara kusan jika 40. Wadda aka sa wa Yuro 15 ta kama jika 118 a shekara. Wannan misali ne na lissafi, kowa ya duba farashin ranar da zai saya, ya kuma duba ko an haɗa da haraji, don wasu kan rubuta farashin ba tare da shi ba. A lura da wata dabara da ƴan kasuwa suka fi kowa sani: farashin jawo mai saye. Watan farko da rahusa, daga baya a koma na gaskiya.

Game da ƙarfin na'ura, ƙwaƙwalwar aiki ita ce abin dubawa. Ga Linux mai fuska mara nauyi, giga 2 na iya ɗaukar mutum ɗaya. Ga Windows, giga 2 shi ne mafi ƙanƙantar abin da Microsoft ya yarda da shi, amma wanda ya tsaya a nan zai yi ta jiran na'ura kamar mai jiran mota ta cika a tasha. Giga 4 ne mafari na hankali.

Sai wurin da na'urar take. Lokacin saye za a ba ka zaɓin gari. Ƙasarmu ba ta da teku, intanet ɗinmu kan bi wayoyin ƙarƙashin ƙasa zuwa gaɓar maƙwabta, daga nan ya shiga wayoyin ƙarƙashin teku, waɗanda yawancinsu Turai suka nufa. Saƙo na gudun kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa cikin irin wannan waya, amma duk latsawa ɗaya sai ta je ta dawo. Don haka na'urar da ke Faransa ko Jamus ta fi saurin amsawa a kan wadda ke Singafo ko yammacin Amurka, ko da ta can ta fi araha da ɗan wani abu.

Biya kuwa da katin banki ne, Visa ko Mastercard, kuma irin katin da ake zuba wa kuɗi kafin a yi aiki da shi yakan wadatar a wurare da dama. Wasu kamfanonin kan nemi hoton katin ɗan ƙasa ko fasfo kafin su buɗe. Akwai ƴan tsakiya a nan yankinmu da ke karɓar kuɗi ta waya su kama maka. Ba laifi ba ne, dillanci sana'a ce, amma a tambaye su sunan kamfanin da na'urar take hannunsa, da garin da take, da abin da zai faru in su suka daina wannan sana'a.

Da sunan wa aka kama?

A nan ne muke so iyayenmu su tsaya su saurara da kyau, don a nan aka fi cutuwa. Yawancin Alhazai da Hajiyoyi ba su za su zauna su cike takardar haya ba. Yaro za a kira, ɗan ƙane ko wani mai gyaran waya a bakin kasuwa, a ce “yi mana abin nan”. Shi kuma don sauri sai ya sa adireshin wasiƙarsa ta intanet, da lambar wayarsa, wani lokaci har da katinsa. A wajen kamfanin, wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai ɗaki. Shi za a aika wa sanarwar kuɗi, shi zai iya sauya kalmar sirri, shi zai iya share na'urar baki ɗaya da latsawa biyu. Ba sai yaron ya zama macuci ba. Ya isa a ce ya tafi karatu Maroko, ko ya sauya lamba, ko an samu saɓani kan kuɗin aiki, ko Allah ya yi masa rasuwa. Ranar nan mai dukiya zai tarar da littafinsa na cikin ɗakin da ba shi da hujjar cewa nasa ne, kuma kamfanin da ke Jamus bai san shi ba, bai san liman ko sarkin kasuwar da zai zo ya yi masa shaida ba.

Babu ɗan kasuwar da zai kama rumfa a kasuwar Dole ya bar takardar da sunan ɗan dako. To nan ma haka. Sunan mai dukiya, lambar wayarsa, adireshin wasiƙar da shi ke da kalmar sirrinsa, katinsa. Yaro ya yi aikin a gabansa, a buɗe masa nasa ɗan makullin dabam wanda za a iya karɓewa in aikin ya ƙare. Mata sun riga maza sanin wannan hikima. A ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, da suka faro a yankin Maraɗi a 1991, ba a barin akwatin kuɗi da makullansa duka a hannun mace ɗaya. A rubuta babbar kalmar sirri a takarda, a sa cikin ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardar gida, kuma a samu mutum ɗaya amintacce cikin iyali da ya san wurin. Magada da yawa sun yi asarar bashin da ake bin mutane saboda mamaci ya tafi da lissafi a kansa. Kalmar sirrin da ba wanda ya sani ita ma haka take.

Ranar farko

Bayan an biya, cikin ƴan mintoci ko awanni kamfanin zai aiko da abu uku. Akwai adireshin na'urar, wato lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Akwai sunan shiga. Akwai kalmar sirri ta wucin gadi.

In mai Windows aka kama, aikin ba shi da yawa. A kwamfutar kanti a nemi manhajar da ake kira Connexion Bureau à distance, tana nan cikin Windows ba sai an sauko da ita ba. Mai son gajeriyar hanya ya danna maɓallin Windows tare da harafin R, ya rubuta mstsc. A waya kuma a sauko da manhajar Microsoft, wadda a da ake kira Remote Desktop, daga 2024 aka fara sauya mata suna zuwa Windows App. A rubuta adireshin, a sa suna da kalmar sirri. A karon farko wani gargaɗi kan fito cewa ba a tantance shaidar na'urar ba. In ka tabbata adireshin da kamfani ya ba ka ne ka rubuta, sai ka amince. Daga nan fuskar Windows za ta cika allonka, sabuwa fil, babu kome a cikinta.

Ga wani ɗan abu da kan sa mutane su yi zaton an cuce su. Allon haruffanmu na Faransanci ne, wanda ya fara da A, Z, E. Na'urorin haya da yawa kuwa an saita su da na Ingilishi, mai farawa da Q, W, E. Sai ka danna A, can ta karanta Q, ka danna lamba ta karanta wata alama, kuma da yake kalmar sirri ɓoye take ba ka ganin abin da ke fita. In an ce kalmarka ba daidai ba ce alhali ka san daidai ce, gwada rubuta ta a gurbin suna don ka ga abin da ke fitowa, sannan ka goge.

Mai Linux tana bukatar ɗan ƙarin aiki, kuma wannan sakin layi na yaran da za su yi aikin ne. Za a fara shiga ta hanyar rubutu da ake kira SSH, da manhajar PuTTY ko makamanciyarta. A sabunta na'urar da sudo apt update da sudo apt upgrade. Sannan a sa mata fuska da mai tsaron ƙofa da umarni guda: sudo apt install xfce4 xrdp. Xfce fuska ce mara nauyi da wani Bafaranshe, Olivier Fourdan, ya faro a 1996, an zaɓe ta ne don ba ta cin ƙwaƙwalwa kamar manyan. Shi kuma xrdp shi ke sa Linux ta fahimci hanyar Microsoft, ta yadda da manhajar nan ɗaya ta waya za a shiga. A buɗe sunan mai aiki na yau da kullum, kada a riƙa shiga fuskar da sunan root, wanda ke da ikon rushe kome.

Ko wace iri aka kama, kafin a zuba ko da suna ɗaya na mai bashi, a sauya kalmar sirrin da kamfani ya aiko, a bar na'urar ta sauko da gyare-gyarenta. Kowane ma'aikaci a ba shi nasa suna da tasa kalma, ba tare da ikon shugaba ba, don ranar da aka sallami yaro a rufe nasa kawai. Masu Windows su sani cewa mutum biyu kaɗai take bari su shiga lokaci guda, kuma a ƙa'idar Microsoft wannan dama ta masu kula da na'urar ce. Ma'aikatan da za su riƙa aikin yau da kullum a kanta sai an saya musu lasisi dabam. Wannan kuɗi ne da ba a cika faɗa wa mutum da farko ba.

In an gama aiki, rufe tagar kawai ake yi. Kada a danna Arrêter, don wannan kashe na'urar can ne, kuma ba wanda zai sake shiga sai an koma shafin kamfani an tashe ta. Kashe ta ɗin ma a yawancin kamfanoni ba ya tsayar da kuɗin haya, ɗaki a kulle ma ana biya. Don tattalin forfe, a rage yawan launi a saitin manhajar, a cire hoton bango, kuma kada a kalli bidiyo ta cikin tagar, don nan ne megan ke zuba kamar ruwa a kwando. Rubutu da lissafi ba su da ci sosai. Ana kuma iya saita ta yadda faktir ɗin da aka rubuta can zai fito a na'urar buga takarda da ke kanti.

Masu taɓa ƙofa

Kowace hidima a intanet tana da ƙofa mai lamba. Ta RDP 3389 ce, ta VNC daga 5900 take farawa, kuma duk ɓarayin duniya sun san haka. Ba mutum ne ke zaune yana neman Alhaji wane ba. Manhajoji suka saki suna bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana, duk inda suka ga ƙofar a buɗe sai su fara gwada kalmomi: 123456, sunan kamfani, shekarar haihuwa. Sabuwar na'ura ba ta daɗewa kafin su iso ta. In suka shiga, abin da suka fi yi shi ne su ƙulle duk fayilolin da wani makullin nasu, su bar takardar neman kuɗin fansa.

Abin ba tatsuniya ba ne. A watan Mayun 2019 aka bayyana wata ɓaraka a RDP na tsofaffin Windows, aka sa mata suna BlueKeep, wadda ke ba da damar shiga ba tare da kalmar sirri ba. Tsananin haɗarinta ya sa Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP, wadda ya daina kula da ita tun 2014. Kafin nan, a 2016, kamfanin tsaro na Kaspersky ya tona wata kasuwar ɓoye mai suna xDedic, inda aka baje makullan na'urori sama da 70,000 da aka fasa a ƙasashe 173, wasu a kan dala 6 ta Amurka. Hukumomi sun rufe ta a farkon 2019. Mun kawo wannan ne saboda tallan da ke yawo a WhatsApp da Telegram na “RDP mai araha”, wanda ba a san kamfanin da ke bayansa ba. Ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi in aka kawo masa kaya da rabin kuɗi cikin dare. Wanda ya saya, ko dai ya shiga na'urar wani ba da izini ba, abin da dokar ƙasarmu ta 2019 kan laifukan intanet ta hukunta, ko kuwa ya zuba sirrin kasuwancinsa a ɗakin da mai sayarwar ke da makullinsa.

Maganin ba shi da tsada. Kalmar sirri ta zama doguwa, a haɗa kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, a sa lambobi a tsakani. Tsawo ya fi ƙawa amfani, kuma a guji haruffa masu ƙugiya, don wata rana za ka shiga da allon da ba shi da su. A saita na'urar ta kulle suna na ɗan lokaci in aka yi kuskuren kalma sau da yawa. A shafin kamfanin haya a kunna tabbaci na biyu, wato lambar da ke fitowa a waya bayan kalmar sirri. Abin da ya fi duka shi ne a rufe ƙofar 3389 daga idon duniya da katangar tsaro, a riƙa shiga ta ɓoyayyar hanya, irin su WireGuard ko ramin SSH. Wasu kan sauya lambar ƙofar kawai su ce sun gama. Wannan na rage hayaniya, amma mai nema da gaske zai gano. Masu VNC su ƙara kula, don tsohon tsarinta haruffa 8 na farko kaɗai yake dubawa cikin kalmar sirri, kuma ba kowace irinta ke ɓoye abin da ke wucewa a layi ba. Duk mai yi maka aikin da bai ambaci waɗannan ba, tambaye shi. In kuma lalura ta sa ka shiga daga sibar ko kwamfutar wani, kada ka yarda ta riƙe kalmarka, kuma ka sauya ta da ka koma gida.

Can ma wuta na ci

A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a gidajen na'urorin OVH da ke Sitirasbur a Faransa. Gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, wani ya ƙone a gefe, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Waɗanda ke da kwafin kayansu a wani wuri sun koma aiki. Waɗanda suka ɗauka cewa tunda abin na Turai ne ba abin da zai same shi, wasunsu sun rasa kome har abada, ciki har da waɗanda kwafinsu ke cikin gidan da ya ƙone. A yawancin yarjejeniyar haya, kamfani ɗaki ya ba ka, adana kwafi aikinka ne sai in ka biya wannan hidima dabam. Saboda haka ko wane mako a sauko da kwafin littafin a sa a ɗan kile, a ajiye shi gida ba kanti ba. Ƙarshen wata a buga jerin masu bashi a takarda.

Akwai kuma ranar da littafi na nan lafiya amma hanyar zuwa gare shi ta yanke. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Kodibuwa, intanet ya raunana a ƙasashe da dama na yammacin Afirka, har da tamu. A 2021 ma, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yi kusan kwana 10 ba intanet a wayoyin hannu. Kasuwa kuwa ba ta tsaya ba. Don haka littafin takarda kada ya bar kanti, a rubuta cinikin ranar a ciki, in layi ya dawo a shigar.

Haɗari na uku shi ya fi sauƙin aukuwa: kati ya ƙare ko ba kuɗi a ciki, sanarwa ta tafi adireshin da ba mai dubawa. Kamfani zai dakatar da na'urar, in aka ƙara ƴan kwanaki ya share ta ya ba wani ɗakin. Ba ya jin “gobe in sha Allah”. Mai hali ya biya na wata uku ko shida gaba ɗaya, ya rubuta ranar ƙarewa a bangon kanti.

Wani abin da ba a cika tunawa ba: sunaye da lambobin waya da bashin mutane sirrinsu ne. Ƙasarmu na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, an kuma kafa hukumar HAPDP don kula da ita, kuma dokar ta yi magana kan fitar da irin waɗannan bayanai waje. Mai babban kasuwanci da ke riƙe da sunayen ɗaruruwan mutane ya kamata ya nemi bayani a kai.

Ba kowa ke bukatar wannan abu ba, kuma ba za mu ɓoye ba. Uwarmu mai tumatir da tattasai, ko mai rumfa ɗaya da ke zaune a cikinta safe da yamma, jika 40 a shekara ya fi mata amfani cikin jari. Ita littafinta ya ishe ta, sai dai kowace yamma a ɗauki hoton shafin ranar da waya a aika wa ɗa ko ƴa, kwafi ya samu ke nan kyauta. Mai ɗan jadawali kaɗai ma Google Sheets na iya yi masa ba tare da hayar kome ba. Kwamfutar haya ta wanda ke da kanti biyu ko uku a garuruwa dabam-dabam ce, ko mai yawan tafiya, ko wanda manhajar lissafinsa ba ta aiki sai a Windows kuma mutum fiye da ɗaya ke bukatar ta.

Wanda ya ga yana cikin waɗannan, ya kama na wata ɗaya tak, ya zuba littafin bara wanda an riga an rufe lissafinsa. Ya gwada shiga daga cikin rumfarsa ranar kasuwa da tsakar rana, lokacin da rezo ya fi cunkoso, ya gwada da layin Airtel, ya gwada da na Moov ko Zamani, ya ga wanne ke ɗauka. Ya kashe wayar da gangan ana tsakiyar rubutu, ya sake shiga ya duba. Sannan ya sa yaron ya share fayil ɗaya a gabansa, ya dawo da shi daga kwafin kile. In duk wannan ya tafi daidai, sai a shigar da littafin bana a farkon wata mai kamawa.